Farar Hular da Inna Ta Ƙi

A shekarar da na gama karatu na dawo gida Gwarzo ina jiran aiki, babu abin da na ƙware a kai kamar zama a bakin taga. Ina da wani littafi mai baƙin bango da nake rubuta waƙoƙi a ciki, yawancinsu a kan gajimare, kaɗan a kan tsuntsaye, ɗaya kuma a kan wata tsohuwar kuka da ban taɓa zuwa kusa da ita ba saboda tsoron maciji. Umma takan ce in za a aike ni sayen gishiri sai an haɗa da addu'a, don ina iya tsayawa a hanya ina kallon inuwar ganye har miya ta ƙone. Ban taɓa musa mata ba. Sau biyu hakan ta faru.

To ni ce aka wayi gari na ɗauki alkawarin da ya fi ƙarfina.

Kakata ta wajen uba, wadda kowa yake kira Inna, tana zaune a wani ƙauye da ke gefen Gude, a ƙasar Kabo, cikin gidan da aka kai ta tun tana amarya. Kakanmu ya daɗe da rasuwa. Tana da awakinta, da tukunyar daddawarta, da maƙwabtan da suka tsufa tare. Ita ce kuma ake kira in mace ta rasu a ƙauyen, ta je ta yi mata wanka ta shirya ta. A sanyin shekarar da ta gabata ciwon haƙarƙari ya kama ta, aka kawo ta asibiti a Gwarzo, ta yi kwanaki tana tari kamar ƙirjinta zai tsage. Da za a sallame ta likita ya ce in sanyi ya sake samun ƙirjin nan da wuyan nan a buɗe, ba ya jin za a yi sa'a irin ta bana.

Baba bai manta da maganar ba. Damina tana ƙarewa ya sa aka gyara ɗakin da ke kusa da na Umma, aka shafe shi da siminti, aka yi fenti, aka sa sabuwar katifa. Ya ce kafin sanyi ya sauka zai je ya ɗauko Inna, zamanta a ƙauye ya ƙare.

Sai dai Baba shi ne ɗan farinta. Inna ba ta kiran sunansa, ba ta zama ta yi doguwar magana da shi, ko da yake gemunsa ya yi furfura. In ya je gaishe ta yakan tsuguna a bakin ƙofa kansa a ƙasa, ita kuma ta amsa a taƙaice tana kallon bango, kamar da bangon suke gaisawa. Duk wata magana mai nauyi da ke tsakaninsu sai ta bi ta bakin wani. Da aka duba gidan aka ga babu wanda ya kai ni rashin abin yi, sai aka ba ni saƙon.

Na hau motar Kabo, daga can babur ya ƙarasa da ni. Na tarar da ita tana sheƙe wake a tsakar gida. Muka gaisa, ta tambayi Umma, ta tambayi ƙannena ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi har kazar da ta ba mu bara, sannan na isar da abin da ya kawo ni. Ba ta ajiye faifan ba. Ta ce in je in faɗa wa mutumin nan ta ji, ta kuma gode, amma ƙafarta ba za ta bar gidan ba. Ta ce me za ta je ta yi a Gwarzo, ta zauna a kan siminti tana jiran a miƙo mata kwano? Daga nan ta nuna bayan gari da haɓarta, wajen maƙabarta.

"Malam yana can," in ji ta. "Ƙawayena suna can, rabinsu ni na wanke. Nan zan jira."

Na tambaye ta me ya hana ta sa suwaitocin da Baba yake saya mata. Ta ce guda uku suna cikin adaka, ko warin kanti bai bar su ba. Kafaɗarta ta dama ba ta ɗaguwa, kafin ta zura hannu ɗaya rana ta fito sanyin ya tafi. Mayafi kuwa da ta sunkuya bakin murhu yake zamewa, har gefensa ya taɓa kamawa da wuta.

A mota, ina dawowa, na tuna da wani bidiyo da na taɓa gani a waya. Wata mata ce a ƙasar da ƙanƙara take zuba, tana saƙa hula haɗe da wuya, ta rufe kai da kunnuwa, ta sauko ta kwanta a kan ƙirji da kafaɗa. Ba hannu, ba maɓalli, ta ka kawai ake zura ta. Tun kafin mu shigo Gwarzo na gama saƙa ta a raina, na sa wa Inna, na ga Baba yana share hawaye, har na fara tsara baitin farko na waƙar da zan rubuta a kan lamarin.

Da na gaya wa Baba sai ya tambaye ni ko na iya saƙa. Na ce kaɗan-kaɗan. Gaskiyar ita ce tun muna firamare na taɓa riƙe kwarashi na yi wani abu da ake nufin ya zama shimfiɗar tebur, ya nannaɗe ya koma kamar kwanon sha. Baba ya ja carbinsa, sannan ya yanke hukunci. Juma'ar farko bayan sanyi ya sauka zai je da mota. In ya tarar da kan Inna da kunnuwanta da wuyanta da ƙirjinta a rufe, kuma ta amsa cewa kullum da safe za ta sa, zai bar ta a ɗakinta. In ba haka ba, a ranar za a ɗaure kayanta.

Washegari na tafi kasuwa wajen wani dattijo mai sayar da zaren ulu. Rumfarsa cike take da irin launukan da ake saƙa wa jarirai kayan suna, ja mai kashe ido, kore shar, ruwan ɗorawa, ruwan hoda. Na wuce su duka ina ɗan yatsina fuska. A can ƙasa na hango wani fari mai laushi, kamar madarar da aka tatso yanzu. Nan take na raɗa masa suna a zuciyata, gajimaren safiya. Dattijon ya tambaye ni wa zan saƙa wa, na ce kakata. Ya ɗan dakata. Ya tambayi ko ta manyanta sosai, na ce ƙwarai. Sai ya jawo wani shuɗi mai duhu ya ajiye a gabana.

"Malama, ga wannan. Tsofaffi ba su cika son fari a ka ba."

Na yi masa murmushin nan na wadda ta yi karatu. A raina na ce kayan da suka ƙi fita yake so ya ɗora mini, kuma bawan Allah bai san yadda fari yake zama a kan furfura ba. Har bayani na yi masa a kan haka. Ya saurare ni har na gama, ya ce to, Allah ya ba da sa'a, ya zuba mini curi shida a leda tare da tsinken saƙa guda biyu.

Mako shida na yi ina fama. Matar bidiyon ba na jin yarenta ko kalma ɗaya, hannuwanta kawai nake kallo, ina tsayar da hoton ina mayarwa baya har data ta ƙare. Ita tana yi kamar tana tsince shinkafa, ni kuwa in na zura tsinke sai zaren ya rabe biyu. Ana so mutum ya riƙa ƙirga zoben zaren da ke kan tsinke a kowane layi, ni kuma da na kai ashirin da wani abu sai tsuntsu ya gifta ta taga, in bi shi da ido, in dawo ban san inda na tsaya ba. Abin da na fara fitarwa Umma ta ɗaga shi sama ta leƙo ni ta cikin ramukansa, ta tambaya ko kifi za mu fara kamawa. Sau uku ina warwarewa. Yatsata ta yi kanta, wuyana ya ƙage, littafin waƙa ya yi ƙura a ƙarƙashin matashi.

A hankali dai hannuna ya faɗa. Layuka suka fara miƙewa, abin ya fara kama da na matar. Ana cikin haka ƙanwar Umma ta haihu a Lakwaya, Umma ta tafi zaman jego, saboda haka makonni biyun ƙarshe ni kaɗai na yi su, babu idon babba a kaina. Da kaina na gwada, a gaban madubi, babu ɗankwali. Sai na lura in na sunkuya hular tana zamewa baya, ga shi kuma zamewar mayafi ce Inna take kuka da ita. A nan ne basirata ta motsa. Na saƙa wata siririyar ɗamara mai faɗin yatsa uku, wadda za ta taso daga ƙarƙashin haɓa, ta bi ta gefen kumatu, a ƙulle ta a tsakiyar kai. Na gwada, na sunkuya, na girgiza kai, hula ko motsi. Matar ƙasar ƙanƙara ma ba ta yi wannan tunanin ba. Na daɗe a gaban madubin ina mamakin kaina.

Ran da na kai mata, safiya ta fara yin ɗan sanyi-sanyi. Na tarar da Inna zaune a kan tabarma tana shan hantsi, ta jingina da bango, ta miƙe ƙafafunta. Bayan mun gaisa na ce ta rufe ido, ina da abin mamaki. Ta ce wannan kuma wane sabon salon 'yan boko ne, amma ta rufe. Na zura mata hular da ƙyar, don ban bar wa ɗankwalinta wuri ba, sai da ta matse fuskar tam. Na gyara farin a kan kafaɗunta da ƙirjinta, na ɗauko ɗamarar nan tawa na ɗaure mata haɓa, na ƙulle a ka. Na ce kada ta buɗe ido, kada ta motsa, bari in ɗauko madubi a ɗaki.

Ina cikin ɗakin na ji sallamar maƙwabciyarta, wata tsohuwa sa'arta da suke raba komai, ta zo aron rariya. Sallamar ba ta kai ƙarshe ba. Na ji ƙwarya ta faɗi, na ji salati da wata irin murya da ban taɓa jin ta yi ba. Na fito da gudu da madubi a hannu. Sai a lokacin na ga abin da ta gani: tsohuwa jingine da bango, ƙafafu a miƙe, idanu a rufe, fari ya lulluɓe ta daga ka har ƙirji, an ɗaure haɓarta an ƙulle a tsakar ka.

Inna ta buɗe ido ta ce, "Lafiya?"

Maƙwabciyar ta ja da baya har ta yi karo da turmi, ta zauna a ƙasa daɓas. Ta daɗe tana riƙe da ƙirji kafin ta iya magana, kuma da ta samu bakin, ni ta fuskanta. Ta tambaye ni laifin me suka yi mini. Ta ce ita da hawan jini, da na kashe ta a banza ana cikin kakar wake.

Inna ta karɓi madubin. Ta duba ta gaba, ta juya ta duba gefe, ta kai hannu ta taɓa ƙullin da ke kanta. 

"Ɗaurin ma daidai kika yi," in ji ta daga baya. "Ba sassauci, ba matsi. Wa ya koya miki?"

Na ce ni na ƙirƙiro. Sai suka kalli juna ita da maƙwabciyar, dariya ta ƙwace musu. Inna ta yi ta yi har tari ya sarƙe ta, na ruga na kawo ruwa. Da ta lafa ne ta yi mini bayanin abin da kowace tsohuwa a ƙauyen ta sani, ni da takardun makarantata ban sani ba. In rai ya fita, kafin jiki ya sandare, akan yagi ƙyalle a ɗaure haɓar mamaci zuwa tsakar kai don kada baki ya buɗe. Ita da hannunta ta yi wannan ɗaurin sau ba adadi. 'Yan mata irina ba a barin su shiga ɗakin, shi ya sa na san likkafani fari ne kamar yadda na san teku tana da gishiri, a littafi.

Na ce to a cire ɗamarar, a bar hular. Ta ce a'a. Ta ce ba tsoro take ji ba, likkafaninta yana cikin adaka a ninke tun dawowarta daga Makka, a ƙarƙashin suwaitocin mutumin nan. Amma ba za ta riƙa yawo a gari da farin abu naɗe da fuska tana tsinka wa tsofaffi zuciya ba. Kuma in an yi rasuwa an aiko kiranta, da wane ido za ta shiga gidan mutane a haka? Ta cire ta ninke ta miƙo mini, ta ce Allah ya yi albarka, saƙar ta yi kyau.

Na zauna a gefen tabarma da gajimaren safiyata a cinya. Ina jin dattijon kasuwa a kunnena.

Maƙwabciyar ce, da tausayina ya kama ta, ta kawo shawarar rini. Ta ce tana da ragowar galura shuɗiya, a tafasa a tsoma, magana ta ƙare. Na yi tsalle na karɓi shawarar. Muka hura wuta, muka dama galura a tsohuwar tukunya, na jefa aikin mako shida a cikin tafasasshen ruwa ina juyawa da muciya. Abin da babu wadda ta sani a cikinmu shi ne zaren ulun kasuwa ba auduga ba ne, ɗan roba ne, ba ya shan rini, kuma ba ya son zafi. Da muka tsamo muka ɗauraye, shuɗin ya bi ruwa ya tafi, ya bar wani launi kamar na tsumman goge tukunya, da dabbare-dabbare. Saƙar kuma ta saki, ta mutu, ta yi tsawo. Da na ɗaga ta, wuyan da aka yi don ya tsaya a ƙirji ya sauko har gwiwata.

Inna ta ce yanzu kam ba mai cewa gawa ce, sai dai a ce mahaukaciya.

Na koma Gwarzo na tarar da Umma ta dawo. Ta ji labari, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, amma ina jiyo dariyarta. Baba bai yi dariya ba. Ya ce ruwan randa ya fara cizon hannu da asuba, saboda haka Juma'a ta sama zai tafi, kuma ya riga ya yi wa mai mota magana. Na ƙirga, kwana tara. Na tuna yadda Inna ta nuna bayan gari da haɓarta, sai na ji kunya ta gaske, irin wadda ba ta shiga waƙa. Ni na ce a ba ni dama, ni kuma na ɓata mako shida wajen neman abin da zai burge ni.

Komawa wajen dattijon nan ta fi mini komai nauyi. Na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi jikin kakata. Na ce da sauƙi. Bai tambayi farin zare ba, wannan kuwa ya fi ciwo a kan da ya tambaya. Na ce ya ba ni shuɗin nan na rannan. Ya ce ai ya ƙare, sanyi ya matso, masu saƙar kayan jarirai da na 'yan makaranta sun kwashe komai. Abin da ya rage guntaye ne, babu launin da zai kai curi uku. Ya zazzage mini su a kan tebur: ja biyu, kore biyu, ruwan ɗorawa ɗaya, ruwan hoda ɗaya. Duk waɗanda na yatsina wa fuska, ba wanda ya yi fashi. Na ce a zuba.

A ranar na haɗa kayana na koma ƙauye, na ce a gaban mai ita zan yi wannan karon. Da na juye ledar a kan tabarma idon Inna ya yi haske. Ta ɗauki jan ta kara a bayan hannunta, ta ce yanzu na zo da kaya.

Ashe a ƙuruciyarta ta yi kaɗi, ta san zare fiye da yadda na san biro. Ba ta taɓa riƙe tsinken saƙa ba, amma da ta ja zaren tsakanin yatsu biyu za ta ce wannan ya fi wancan kauri, in sassauta hannu in na zo kansa. Ita take warware mini curi, ita take ƙirga mini, da ƙwayar wake, kowane layi ta jefa ɗaya a cikin murfin kwano. In ta ga idona ya tafi sama sai ta buga murfin da cokali. Tsuntsayen Gude sun yi ta wucewa a makon nan ba tare da na san launinsu ba.

Ita ta tsara yadda za a yi. A auna kan da ɗankwalinsa, don ba za ta zauna kai ba ɗauri ba. A bar haɓa ta sha iska, kada wani abu ya kusance ta, wuyan ya faro daga ƙasa ya zubo a kan ƙirji. A yi gefen fuska da faɗi yadda in ta zo alwala za ta tura shi baya da hannun hagu ta shafi kai da kunne, ta jawo shi, ba sai ta cire ba. Kunnuwan kuma kada a yi musu kauri, tana so ta ji sallama, ta ji in akuya ta shiga rumbu. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a bidiyon. Na kashe wayar na sa a jaka.

Da ja ya ƙare na ɗaura kore, da kore ya ƙare na ɗaura ruwan ɗorawa. Ban ma tsaya neman tsari ba, inda zare ya yanke nan launi yake canzawa, ko a tsakiyar layi ne. Maƙwabciyar tana zuwa kullum da hantsi ta duba, ta ce saura kaɗan a yi wa Inna bikin suna. Inna ta ce tunda abin ya zama na jarirai, a ƙarasa mata da tuntu a ka. Na ɗauka wasa take yi. Da la'asar ɗin Alhamis, da na yanke zaren ƙarshe, ta tattara guntayen da suka rage ta miƙo mini, ta ce tuntun fa. Na yi mata, ƙato, mai launi huɗu.

Ban taɓa ganin abu mai muni irinsa ba, kuma ni na yi shi.

Juma'a da safe sanyi ya sauka sosai, har bakin mutum yana hayaƙi. Muka ji tsayawar mota a ƙofar gida. Inna tana zaune a bakin ɗakinta kusa da kaskon wuta, ta zura hularta da hannu ɗaya, ta gyara ta a kan ƙirji. Baba ya yi sallama ya shigo, ya tsuguna nesa kaɗan kamar yadda ya saba, kansa a ƙasa. Ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Ya tambayi kwanan jiki, ta ce da godiya. Duk sanda ta amsa, tuntun yana rawa.

Sai ya ɗago don ya duba abin da ya zo dubawa.

Na ga gemunsa ya motsa. Ya mayar da kai ƙasa da sauri, ya yi gyaran murya, ya sake yi. Mutum ba ya yi wa mahaifiyarsa dariya, balle ɗan fari. Ya miƙe ya ce bari ya duba wani abu a mota, ya fita. Na bi shi na tarar da shi a zaure ya dafa bango, kafaɗunsa suna girgiza, yana goge ido da hannun riga. Hawayen da na hango masa tun a motar Kabo ke nan, sai dai ba ta wannan hanyar na tsara su ba.

Da ya nutsu ya tambaye ni ko ƙirjin a rufe yake har ƙasa, na ce har ƙasa. Kunnuwa fa? Na ce duka biyun. Ya ce in je in tambaye ta ko za ta riƙa sawa kullum da safe, har sanyi ya wuce, ko yana nan ko ba ya nan. Na koma na faɗa mata, ko da yake zauren da bakin ɗakin ba su fi taku goma ba, kuma ta ji komai.

"Ki ce wa mutumin nan zan sa," in ji ta. "Ki ce masa ko sanyi ya wuce sai na ga dama zan cire."

Na kai masa. Ya dubi motar da ya zo da ita, an kwantar da kujerun baya saboda kaya. Sannan ya ce to, Allah ya kai mu bazara lafiya. Motar ta koma Gwarzo da buhun wake ɗaya, da ƙullin daddawa, da ni.

Inna ta yi sanyin shekarar a ɗakinta. Ta yi tari sau ɗaya, na kwana uku, maƙwabciyar ta dafa mata citta da kanumfari ya wuce. An ce har gidan rasuwa ta je da hular, ta cire a bakin ƙofa ta rataya a ƙusa, ta yi aikinta, ta fito ta mayar. Ɗakin da aka yi wa fenti a Gwarzo ni aka ba, tagarsa ma ta fi tawa ta da girma.

Waccan ta farkon ba a yar da ita ba. Da na koma bayan wata guda na gan ta a bayan ɗaki, an lulluɓe tukunyar daddawa da ita. Inna ta ce tun da take ba ta taɓa samun abin da yake riƙe wa kalwa ɗumi irinta ba, kwana biyu ta nuna. Ta ce in na samu lokaci in saƙa wa maƙwabciyar irinta, ita ma tukunyarta tana jin sanyi.